An Sauke Mota, Taya Ta Fara Cin Gefe: Wane Kayan Alaimen Ya Kamata a Saya?

Yawancin masu son ƙara wa mota kuzari da inji suke farawa, sai rim, daga nan a sa a sauke ta ta kusanci ƙasa. Ba a cika tuna kayan alaimen ba sai bayan wata biyu ko uku, ranar da mai faci ya leƙa ƙasa ya ce, "Alhaji, tayar nan fa ta cinye ta ciki, har waya ta fito." Sai a shiga intanet a tarar da faranti da notuna da hannaye kala-kala, ja da shuɗi da ruwan zinariya, kowanne ana rantsuwa shi ne magani. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, a cikinsu babu wanda ke ƙara wa mota riƙon titi da kansa. Aikinsu ɗaya ne, su ba bakanike damar juya kusurwar da kamfani ya kulle, ko su dawo da wadda ta gudu lokacin da aka sauke motar. In kusurwar tana inda ake so, sayensu zubar da kuɗi ne, wani lokacin har da jawo sabuwar matsala.

Zan yi bayanin da BMW E46, wato zubin 3 Series da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2006, musamman 330i da M3 mai injin S54 na lita 3.2. Na zaɓe ta ne don masu tsere a Turai da Amurka sun daɗe suna kwance ƙafarta suna ɗaurawa, an san duk inda take da rauni, ga shi kuma ba baƙuwa ba ce a garejin Kano da Kaduna da Abuja.

Kusurwa uku ake aunawa. Kamba ita ce jinginar taya in ka tsaya a gaban mota kana kallonta. In kan tayar ya karkata ciki wajen bodi, ana rubuta lambar da alamar ragi, kamar digiri -1.5. Masu gudu suna neman wannan jingina ne saboda abin da ke faruwa a kwana: bodi ya kwanta waje, nauyi ya taru a tayar waje, ita kuma ta mirgina ta hau kafaɗarta. In tun farko an jingina ta ciki, sai kwanar ta miƙar da ita ta shimfiɗa fuskarta duka a kwalta. Ladan ke nan. La'adar kuma a miƙaƙƙiyar hanya ake biyanta, domin a can gefen ciki ne ke ɗaukar kaya, birki ya ɗan ragu, mota ta riƙa bin duk wani kwari da manyan motoci suka yi wa titi. Kuma digiri ɗaya ba wani abu ba ne a ido. A rim mai inci 18, wato milimita 457, bambancin sama da ƙasa kusan milimita 8 ne kacal.

Kasta kuwa karkatar sandar da taya ke juyawa a kanta ce in ka kalli motar ta gefe, irin yadda ƙafar gaban babur ke kwanciya baya. Ita ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Tana da wata kyauta da ba kowa ya sani ba: tana ba tayar waje kamba a daidai lokacin da aka murɗa sitiyari, ta karɓe abinta in an miƙe. Da kasta digiri 7, in aka juya taya digiri 20 za a samu ƙarin jingina sama da digiri 2, kodayake wani ɓangare na ribar yana zubewa ta wata kusurwar. A kwana mai faɗi da ake shiga da gudu, inda tayar ba ta juya fiye da digiri 5 ba, ribar ba ta wuce rabin digiri da ɗoriya. Shi ya sa kasta take taimakon kamba amma ba ta maye gurbinta.

Ta ukun ita ce to-in da to-awut, wato ko tayoyin biyu suna ɗan fuskantar juna ko suna ɗan baje baki in an kalle su daga sama. A nan ne ake yawan yi wa kamba ƙazafi. Mutum ya ga taya ta ci ta ciki, ido ya nuna masa jingina, sai ya yanke hukunci. To amma a yi lissafi. Tayar da ta kauce daga miƙe da digiri 0.2 kawai, a kowace kilomita ɗaya ana jan ta a kaikaice mita uku da rabi. A kilomita 10,000 an kankare ta a kwalta tsawon kilomita 35. Kamba tana zaɓar gefen da zai ci, amma mai cin da gaggawa to-in ne ko to-awut da ya ɓaci. Hannu ma yana iya rarrabewa. Shafa tafinka a fuskar tayar daga waje zuwa ciki, ka dawo. In ta wani ɓangaren sumul, ta ɗayan kuma haƙoran tayar suna kartar hannu, matsalar ta fuskantar taya ce, kuma tayarod ɗin da ke jikin motar ya isa ya gyara ta ba tare da an sayi komai ba. In kuwa cin ya tafi sumul a gangare daga waje zuwa ciki, sai a fara zancen kamba. Duk lokacin da aka sauke mota ko aka taɓa kamba, to-in yana motsawa. Da yawa daga cikin tayoyin da ake zargin jingina ta kashe, rashin komawa wurin alaimen ne ya kashe su.

Me ya sa ma E46 take buƙatar kamba mai yawa a gaba? Amsar tana cikin ƙirar ƙafar. Gabanta tsarin MacPherson ne, wanda ya samo suna daga injiniyan Amurka Earle MacPherson, kuma ya yaɗu bayan Ford ta sa shi a Consul da Zephyr a 1950. Shakazoba da sifirin su ne ginshiƙin sama, loya am ɗaya a ƙasa, wato hannun da ke haɗa gindin taya da bodi, shi ke nan. Yana da araha, yana barin fili wa inji, amma idan ƙafar ta nutse ba ya ƙara wa taya jingina yadda bodi ke kwanciya. Motar da ke da hannu biyu, sama da ƙasa, kamar Mazda MX-5, tana ƙara wa kanta kamba in ta kwanta, ga kuma notunan saiti gaba da baya tun daga kamfani. Mai MX-5 yakan sauke motarsa daidai wa daida ya yi alaimen bai sayi ko noti ɗaya ba. Mai E46 ba shi da wannan gatan.

Saukewa da yawa kuma ƙara dagula lissafin take. Daga kamfani loya am yana ɗan gangarowa daga bodi zuwa taya. In ƙafar ta nutse, hannun yana miƙewa ya tura gindin tayar waje, wato ya ba da kamba. In an sauke motar har hannun ya kwanta daidai da ƙasa ko ya fara kallon sama, an riga an cinye wannan ribar tun motar tana tsaye, abin da ya rage kaɗan ne, in an yi nisa ma ya juye hasara. Haka kuma cibiyar da bodi ke mirginawa a kanta tana faɗuwa fiye da yadda cibiyar nauyin motar ta sauka, tazarar da ke tsakaninsu ta ƙaru, sai ka ga motar da aka sauke don ta daina kwanciya ta fi son kwanciyar. Tayarod shi ma ya canza kwana, ya fara jan taya hagu ko dama duk lokacin da aka taka tudu, direba bai taɓa sitiyari ba. Ana sayar da bol-join mai dogon wuya da kan tayarod na musamman don gyara wannan, kuma suna aiki. Sai dai a ganina wanda ya kai ga buƙatarsu a motar da ke hawa titi kullum, maganinsa mafi sauƙi shi ne ya ɗaga motar. Sifirin na titi da irin su Eibach da H&R ke yi galibi tsakanin milimita 25 zuwa 40 suke saukewa, ba don rowa ba.

A gaban E46, kamfani ya bar 'yar dama a kan shakazoba: ramukan notuna ukun suna da ɗan tsawo, akwai kuma wani ɗan fil da ke riƙe wurin. In an cire shi ana iya tura kan ciki, amma abin da ake samu bai kai digiri ɗaya ba. Ya isa daidaita hagu da dama, bai isa filin tsere ba. Notin kamba, wanda ya fi komai araha a kasuwa, ba ya shiga wannan motar sam, domin gindin shakazobarta cusa shi ake yi cikin maƙogwaron ƙarfe a matse. Notin na motocin da ake ɗaure gindin shakazoba da notuna biyu ne, irin Subaru WRX da Corolla. Ko a can ma akwai abin lura. Don ya samu wurin juyawa, jikinsa ya fi na asali siranta, ba a ɗaure shi da ƙarfin da ake ɗaure na kamfani, kuma faɗawa ramin titi ɗaya mai zurfi yana iya zamar da shi. Yana kuma matso da kan taya kusa da sifirin, don haka mai faffaɗar taya sai ya sa yatsa ya ji ko akwai sauran wuri.

Saura farantin kamba, wanda ke maye gurbin kan shakazoba gaba ɗaya. Tsawon da ke tsakanin kan da bol-join na ƙasa ya sa kowace milimita 10 da aka tura ciki tana ba da kusan digiri ɗaya. Ground Control da Vorshlag da Turner Motorsport suna cikin sunayen da aka sani a wannan fannin, amma sunan kamfani ba shi ne tambayar farko ba. Tambayar farko ita ce wane sifirin ke jikin motar. Farantin da aka yi wa siririn sifirin na koyiloba, wato shakazobar da ake iya saita tsayin mota da ita, mai faɗin milimita 60 ko mai inci 2.5, ba zai zauna a kan faffaɗan sifirin na kamfani ba. Shi kuma faffaɗan yakan taɓa bangon ciki tun kafin farantin ya kai ƙarshen tafiyarsa, sai mutum ya biya kuɗin digiri 3 ya samu 2. Kaurin farantin ma magana ce, domin yana iya ɗaga motar ko ya rage wa shakazoba wurin nutsewa.

Tambaya ta biyu ita ce me ke tsakiyarsa, roba ko boris na ƙarfe. Na ƙarfe ba ya lanƙwasa, abin da aka saita shi ke nan, sitiyari ya yi kaifi. Amma robar da aka cire ba ado ba ce, ita ke shanye duka. In babu ita, dukan yana wucewa kai tsaye zuwa kwanon bodi da ke saman shakazoba, kuma wannan wurin a E46 sananne ne da kumbura ya tashi sama, notuna su baje, ko da kan kamfani ne a jiki. Shi ya sa ake sa masa farantin ƙarfafawa, mai arha ƙwarai in aka kwatanta da aikin mai gyaran bodi. Ga kuma ƙura. Boris ɗin da ba shi da rigar roba, a hunturunmu ƙura ta shige shi, damina ta zo ta wanke sauran giris, ba a jimawa sai ka ji ƙwas-ƙwas a kowane tudun rage gudu. Wanda ya ƙera shi ya yi tunanin filin tsere mai santsi da bakaniken da ke duba mota bayan kowace fita. Ga motar da za ta bi ramukan titunanmu, mai roba ko mai rufaffen boris shi ne zaɓin hankali, ko da an rasa ɗan kaifin da mafi yawan direbobi ba za su ma ji shi ba.

Kafin duk wannan akwai bushin ɗin loya am na gaba. A 330i da ƙannenta mai ruwa a ciki ne, yana fashewa, alamarsa kuma ita ce sitiyari ya yi tsalle in an taɓa birki. Alaimen a kan mataccen bushin aikin banza ne, na'ura za ta nuna lamba mai kyau, motar na motsawa lambar ta tafi. Lemförder irin na kamfani ne, Meyle kuma tana yin na roba zalla mai ɗan tauri.

Baya ya fi gaba ruɗarwa. Kowace taya tana kan dogon hannu da ya miƙa gaba ya shiga wani ƙaramin gida mai noti uku a jikin bodi. Da zamar da wannan gidan ake saita to-in na baya, kuma bushin ɗin da ke cikinsa ne ke riƙe saitin. In ya mutu, bayan motar ya fara tuƙa kansa: ka taka totur ta karkata gefe guda, ka ɗaga ƙafa ta dawo. A M3 mai doki sama da 330 wannan ba abin wasa ba ne, balle a jiƙaƙƙen titi. A nan mutane da yawa suke rugawa ga bushin na foliyuretan, wani abu mai kama da roba amma mai tauri, don sun ji an ce ya fi ƙarfi. Ƙarfi kam ya fi, amma wannan gaɓar ba sama da ƙasa kawai take yi ba, tana kuma murɗawa ta karkata yayin da ƙafar ke aiki. Foliyuretan ya iya juyi ta fuska ɗaya, ta sauran fuskokin cijewa yake yi, sai ya zama wani ɓoyayyen sifirin da ba wanda ya lissafa da shi. Abin da ya fi dacewa da titi shi ne sabon bushin na roba, a haɗa shi da zobba biyu da ake sa masa a gefe don hana shi zamewa. Mai filin tsere ya sa rufaffen boris. Foliyuretan yana da wurarensa, kamar bushin ɗin sandar hana kwanciya, in an yarda da shafa masa giris lokaci-lokaci don kada ya yi kuka.

Hannayen kamba na baya kuwa, abin mamaki, akasari ana sayensu ne don a rage kamba, ba don a ƙara ba. Bayan E46 yana ƙara jingina da kansa in an sauke shi, notin saitin kamfani kuma ba shi da nisa. Sai a wayi gari baya yana -2.5, gaba yana -1.2, motar ta ƙi shiga kwana, hancinta na turawa waje. Hannu mai tiredin hagu da dama shi ke dawo da ita. In za a saya, ni na fi natsuwa da na ƙarfe a kan na alminiyon da ba a san maƙerinsa ba, domin duk nauyin kwana ta kan wannan tiredin yake bi, kuma in ya tsinke ba ya sallama. A duba yawan tiredin da ya rage a ciki bayan saiti. Hannun da aka warware har ya kusa ƙarewa yana nuna wani abu ya lanƙwashe a wani wurin.

Wannan maganar lanƙwasa ta shafe mu sosai. Motar da ta yi shekara ashirin, ta sha ramuka, aka yi mata canjin kayan ƙafa da na kwance daga Ƙofar Ruwa ko Panteka, ba abin mamaki ba ne a tarar gefe ɗaya ya bambanta da ɗayan da digiri guda. Faranti ko hannu mai saiti zai iya rufe wannan a takarda. Amma lanƙwasasshiyar shakazoba tana nan a lanƙwashe, motar kuma za ta riƙa yin hali biyu, na kwanar dama daban, na hagu daban. A nemo abin da ya lanƙwashe a canza shi tukuna.

Haka nan kafin a sa wa bayan E46 duk wani abu mai tauri, a sauke ido a kan bodin da ke riƙe gadon ƙafar baya. Wuraren ɗauri huɗu ne, kuma kwanon wurin yana tsagewa, galibi daga na bayan hagu. Matsalar ta yi ƙaurin suna har masu motar a Amurka suka kai ƙara, aka yi sulhu a 2009. Bushin na ƙarfe da taya mai riƙo a kan tsagaggen kwano ƙara buɗe tsagar suke yi. Masu abin sukan fara da walda da farantan ƙarfafawa, sannan su yi zancen sauran.

Wata motar kuma matsalarta daban ce gaba ɗaya. Mustang ta 2005 zuwa 2014 gatari ɗaya ne a bayanta da ya haɗa tayoyin biyu, babu kambar da za a saita. In an sauke ta, sandar Panhard, wadda ke haɗa gatarin da bodi a gicciye, ita ce ke tura gatarin gefe guda, don haka ita ake canzawa da mai saiti. Shawarar mai Mustang ba ta da amfani ga mai BMW.

To lambobin fa? M3 ta fito da kusan -1 a gaba. Mai hawa titi da ɗan zafin ƙafa, -1.5 ta wadatar, kuma sau da yawa saukewa kaɗan da cire fil ɗin nan sun kai shi wurin. Mai haɗa titi da filin tsere yakan zauna tsakanin -2 da -2.5. Masu tsere zalla suna kai -3 ko fiye, da sanin cewa tayarsu ba ta dogon zamani ba ce. A baya ana barin kamba ƙasa da ta gaba in an kai wannan matakin, tare da ɗan to-in, domin to-awut a bayan mota mai jan baya neman juyawa ne. A gaba, sifili ko ɗan to-in ƙalilan. Waɗannan mafari ne kawai, taya ce ke da maganar ƙarshe. Masu tsere suna soka ma'aunin zafi a wuri uku, ciki da tsakiya da waje, da zarar mota ta tsaya, suna neman ciki ya ɗara waje da kamar digiri 5 zuwa 10 na Salshiyos. Wanda ba shi da ma'auni ya ja layin alli daga fuskar taya ya gangaro kafaɗarta, ya je ya yi kwanoninsa a wurin da ba jama'a, ya dawo ya ga inda allin ya goge. In ya goge har ya sauko gefen taya, ana buƙatar ƙarin kamba ko ƙarin iska. In bai ko kai bakin kafaɗa ba, farantin da ake shirin saya ba shi da aikin yi.

Wurin alaimen ɗin kansa sai an sa ido. Na'urar Hunter ko makamanciyarta lambobin kamfani ta sani, duk abin da ya fita daga nan ja za ta nuna, mai aikin kuma ya saba kore yake nema. Ka je da lambobinka a rubuce, ka ce masa, "Malam, waɗannan nake so, ka bar ta ta yi ja." Littafin gyaran BMW ma ya tanadi a auna 330i da tanki cike da nauyi a ciki, kilo 68 a kowace kujerar gaba, 68 a baya, 21 a but. Ba kowane gareji ke yin haka ba, amma aƙalla a sa nauyin direba a kujerarsa, a daidaita iskar tayoyi. Ana farawa da baya, a dawo gaba a yi kasta da kamba, to-in ya zo ƙarshe domin duk sauran suna motsa shi. Notin da ya ratsa bushin na roba kuma ba a ƙarasa ɗaure shi mota na rataye a jak. Sai ta sauka ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta kwana a murɗe ta tashi a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni.

Sabon sifirin yakan ƙara zama kaɗan bayan an yi tafiya da shi, don haka awon farko na wucin gadi ne, sai an koma bayan 'yan ɗaruruwan kilomita. A karɓi takardar awon, ta kafin aiki da ta bayansa, a ajiye. Sannan a ɗiga fenti a kan kowane notin kulle na hannayen baya da na faranti, layi ɗaya da ya haɗa notin da jikin ƙarfen, yadda duk ranar canjin mai in an leƙa za a gane ko ya motsa.